Shugabanni mata da labarin shigowar na'ura ofis

A watan Yulin 2024, Sarah Franklin, shugabar kamfanin Lattice na Amurka mai yin manhajar kula da ma'aikata, ta sanar da cewa za a fara yi wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira rajista tamkar ɗan'adam: a buɗe musu fayil, a naɗa musu mai duba aikinsu, a jera su a cikin tsarin ma'aikata. Ca aka yi mata, cikin kwana uku aka janye shirin. A ganina dalilin a fili yake. Mutumin da ke kwana da fargabar rasa abincinsa ya buɗe sanarwa, ya tarar ana shimfiɗa wa abin da yake tsoro tabarma, shi kuwa ko sannu ba a ce masa ba.

Julie Sweet, wadda ke jan ragamar kamfanin Accenture tun 2019, da alkawari ta fara. A 2023 kamfanin ya ce zai zuba dala biliyan 3 a fannin ƙirƙirarriyar basira cikin shekara uku, ya kuma ninka ƙwararrunsa a fannin daga 40,000 zuwa 80,000. Aka shiga horas da dubban ɗaruruwan ma'aikata. Sai a Satumbar 2025 ta fito ƙarara ta ce waɗanda horon ba zai kai su inda ake buƙata ba, za a sallame su ba da jimawa ba, kuma garambawul ɗin zai ci kimanin dala miliyan 865.

Maganar babu daɗin ji, amma ta fi a bar mutum cikin zulumi wata da watanni yana sauraron raɗe-raɗi. Wanda ya san inda aka dosa zai iya neman horo, ko ya fara duba wata ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wajen da aka yi ta: taron bayyana sakamakon kasuwancin kamfanin ga masu zuba jari. Zancen da ya shafi tukunyar gidan ma'aikaci, shi ya cancanci ya fara jin sa, ido da ido, a ba shi damar tambaya.

Ana yawan cewa mata sun fi iya lallashi, kamar aikinsu ke nan, su shafa wa mummunan labari zuma. Kristalina Georgieva ta Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba ta yi haka ba. A Janairun 2024 ta bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan yi a duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta, ta kuma nemi gwamnatoci su tanadi tallafi da sabon horo. Binciken Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2023 ya nuna aikin akawu da sakatare ne ya fi shiga haɗari, kuma a ƙasashe da dama mata ne suka fi yawa a kan waɗannan kujeru.