Rimot Ya Mutu, Mota Ta Ƙi Tashi: Kada Ka Bari A Yanke Maka Waya

Duk wanda ke zaune a Enugu, Aba ko Fatakwal, idan zai tafi gida da motarsa, galibi ta Makurɗi yake biyowa ya faɗo Lafia, kafin ya kama hanyar Akwanga. A nan ake shan mai, a yi sallah, a ɗan taɓa abinci. To a nan ne abin ya rutsa da ni gab da wata Babbar Sallah. Na tsaya a wani gidan mai da ke titin Makurɗi, na kashe mota, da na dawo na danna maɓallin tayarwa sai shiru. Iyali na ciki, magariba ta kawo jiki. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya ce a tura, wani yaro kuma ya rugo da rewaya riƙe da filaya, yana cewa "Alhaji, minti goma zan haɗa maka ita kai tsaye." Ashe batirin rimot ne ya mutu, ɗan abin da faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba.

Ga yadda abin yake. Yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 suna da na'urar hana sata da ake kira imobilaiza. Jamus da Ingila sun wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, shi ya sa da wuya ka sami tokumbo daga Turai da ba ta da ita. A cikin kan makullin akwai wani ɗan ƙanƙanin cif mai ɗauke da lambar sirri. Idan za ka tayar, motar na tambayar wannan lamba. In ta yi daidai, ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, sai ta saki mai da wuta. In ba ta ji lambar ba, sai ta ɗauke ka a matsayin ɓarawo. Don haka turawa ba ta da amfani, ko da samarin unguwa za su kai ka Akwanga da hannu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cif ɗin nan ba ya buƙatar batir. Motar ce ke ba shi ƙarfi, muddin ya matso kusa sosai. Batirin rimot aikinsa aika saƙo daga nesa ne kawai. Saboda haka in motarka mai maɓallin dannawa ce, ka duba gefen rimot ɗin, akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye, ka zaro shi ka buɗe ƙofar direba. Wata motar za ta yi ihu, kada ka damu. Ka zauna, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ɓangaren da ke da tambarin kamfani, sannan ka danna. Haka Toyota da Honda suke, kuma haka na tsira ranar. Wasu motocin, kamar wasu Nissan da Ford, suna da wani ɗan rami na musamman da ake saka rimot ɗin. Batirin kuwa ana rubuta lambarsa a jikinsa, sau da yawa CR2032 ne, wajen masu gyaran agogo ma kana iya samu.

Idan kuma makullin murɗawa ne, mutuwar batirin rimot ba za ta hana mota tashi ba sam. In ta ƙi, ka dubi dashbod. Fitila mai hoton makulli, ko mota da kwaɗo, tana ta ƙiftawa alhali makulli na ciki? Motar ba ta gane cif ɗin ba ke nan. Ka cire makullin daga cikin tarin sauran, domin wani makullin mai cif yana iya rikita ta. Ka tuna ko ya faɗi ƙasa, ko ya sha ruwa a aljihun wanki, ko kwanan nan an canja masa gida an bar cif ɗin a tsohon. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa. Haka ma makullin da aka yanka maka a kasuwa: zai buɗe ƙofa, zai murɗa, amma inji ba zai kama ba. Sannan ka sa a auna batirin motar kanta, don idan ya yi sanyi shi ma yana kawo irin wannan ruɗani.

Ni ba na raina rewaya, sana'arsu ce, kuma sun sha fitar da mu kunya. Amma wannan matsala ba ta filaya ba ce. Lambar tana cikin birenbos, yanke waya a ƙarƙashin sitiyari ba zai sa ta amince ba, sai dai ka tashi da matsala biyu. In ma aka cire maka tsaron gaba ɗaya, ka koma Aba ko Anaca da motar da duk wanda ya iya yanka makulli zai iya ɗauka. Wanda za ka nema shi ne mai saita makulli da kwamfuta, wanda zai jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙasan dashbod ya koya wa motar sabon makulli. Ka riƙe takardun mota, na kirki zai tambaye ka. Masu Fijo 406 da 307 kuma, akwai lambar sirri mai gurbi 4 da ke zuwa a kati tare da motar, ana buƙatarta wajen wannan aikin.

Saita makulli na biyu alhali na farko yana aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, a kan ranar da duka suka ɓace, domin a lokacin a wasu motocin sai an ciro na'urar an sake mata saiti. Yawancin tokumbo da makulli ɗaya suke isowa hannunmu. Tun daga waccan tafiyar na yi na biyu, yana jakar uwargida, batir sabo ɗaya kuma yana cikin walat ɗina.