Me Ke Sa Kwamfuta Ta Sandare Ana Cikin Aiki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Rijiyar Zaki, mai sayar da taki da iri, ya rubuto cewa kwamfutar da yake ajiye lissafin bashin manoma a ciki ta tsiri sandarewa tun shigowar hunturu. Wani sa'in ma allon ya koma shuɗi, ta mutu ta sake tashi. Mai gyara ya ce sai an goge komai an sake zuba mata Windows. Shin ya yarda?

AMSA: To Malam, kada ka yi garaje. Da farko dai kwashe lissafin nan ka zuba a filash, tun kafin kowa ya taɓa ta.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai rumbu, inda lissafinka yake kwance ko da an ɗauke wuta. Akwai kuma wani ɗan siririn falle mai suna RAM, wanda yake kamar tabarmar da ake baza hatsi lokacin awo. Da wuta ta ɗauke, an naɗe ta. In tabarmar ce ke da huji, share rumbu ba zai yi maganin komai ba. Sandarewa ba gaira ba dalili da shuɗin allo sau da yawa daga nan suke, kuma ƙurar hunturu takan shiga ramin da fallen ke zaune ta hana shi kamawa sosai.

Ga yadda za ka yi. Kashe ta, zare wayar wuta, in ta hannu ce mai batir da ke fita, cire shi. Taɓa wani ƙarfe tukuna, don lantarkin da kan taru a jikin mutum lokacin sanyi yana lalata kayan ciki. Buɗe 'yan maƙallan gefe biyu, zaro fallen ta gefensa, goge haƙoran nan masu ruwan zinare a hankali da kilinar fensir, kaɗe ƙurar ramin da busasshen buroshi, mayar da shi har ka ji ya ce ƙas. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki. Cire shi ba ya taɓa lissafinka.

In falle biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na yini guda. Mai laifin zai tona kansa. Windows ma tana da magwaji nata: rubuta mdsched a wurin nema, ka bar ta ta binciki kanta.

In ya kama sai an saya, tafi da tsohon a aljihu zuwa Farm Centre ko titin Beirut, domin DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. A sa a gwada a gabanka kafin ka biya.

Amma fa in sai ta ɗau zafi da rana tsaka take sandarewa, duba fankarta tukuna. Wasu ƙananan kwamfutocin hannu kuma RAM ɗinsu a liƙe yake da dalma, wannan kam aikin mai gyara ne.