Wa Ke Ba Kaka Magani?

A Ingila akwai gidaje na musamman inda ake kula da tsofaffi, da ma'aikata dare da rana. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 2009 ya duba tsofaffi 256 a irin waɗannan gidaje 55, ya tarar an yi kuskure a maganin mutum 178, wato kusan bakwai cikin goma. A matsakaici, kowannensu yana shan magani wajen iri takwas. Cikin dalilan akwai yawan aiki, da katse ma'aikaci yana cikin rabon magani, da takardun da ba su dace da abin da likita ya rubuta ba.

In haka ta faru inda ake da ma'aikata da takardu, ina ga mu? A wurinmu tsoho yana gida, mai jinyarsa kuwa suruka ce ko jika. Da damina kowa ya tafi gona tun da asuba. Suruka ta ba Kaka ƙwaya kafin ta fita, jika ya zo bai sani ba, ya sake ba ta.

Mu manoma ba ma ƙara maganin feshi don ƙwari su mutu da sauri, gama mun san zai ƙone ganye. Jikin tsoho ya fi ganye rauni. Ƙodarsa da hantarsa sun rage aiki, saboda haka magani yakan daɗe a jininsa. Maganin ciwon sukari in aka ninka shi, ko aka sha ba abinci, yakan kawo rawar jiki da gumi da ruɗewa, har suma. Na hawan jini kuma, mutane sukan daina da zarar sun ji sauƙi, alhali ciwon yana nan, yana iya shanye ɓarin jiki.

Shawararmu ita ce mutum ɗaya ya riƙe maganin a kowane gida, ya ja layi a takarda duk lokacin da ya bayar. In an manta da na safe, kada a haɗa biyu da yamma. Wasu ƙwayoyin an yi su don su narke a hankali, bai kamata a daka su cikin kunu ba sai an tambaya.

Bin umurnin likita bai hana tambaya ba. In tsoho ya soma jiri ko faɗuwa bayan sabon magani, a koma asibiti da shi, a tafi da dukan abin da yake sha, har na kemis da na gargajiya.