Dabarar rabawa aikin kwamfaila ce

Akwai wata nasiha da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu koyon rubuta manhaja, daga nan Kakau har cikin garin Kaduna: wai rabawa tana jan lokaci a kwamfuta, don haka gwani ba ya rubuta x / 2 sai x >> 1, ba ya rubuta x % 8 sai x & 7. Malaman da suka koyar da haka ba daga ka suka ƙago shi ba, Allah ya saka musu da alheri. Har gobe rabawa ta fi ninkawa nauyi. Ƙwaƙwalwar ATmega328P da ke cikin Arduino Uno ma ba ta da umarnin rabawa ko kaɗan.

Inda muka rabu shi ne: wa ya kamata ya yi wannan dabara, kai ko kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa harshen na'ura?

A 1994 Torbjörn Granlund da Peter Montgomery suka wallafa hanyar maye gurbin rabawa da ninkawa, muddin an san lambar da za a raba da ita tun kafin manhaja ta fara aiki. Kwamfaila irin su GCC da Clang da wannan hanya suke aiki. A ce mai POS na son mayar da kwabo 250050 zuwa naira, ka rubuta x / 100. Idan lambar mai bit 32 ce marar alamar ragi, kwamfaila za ta ninka ta da 1374389535, ta matsar da sakamakon gurbi 37 zuwa dama, amsa ta fito 2500 daidai. Ragowar kuwa, sai ta ninka 2500 da 100 ta cire, kwabo 50 ya rage. Babu rabawa ko ɗaya. Mai iya wannan, rabin lamba ne zai gagare ta?

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da dabarar hannu ke jawowa idan lamba ta faɗa ƙasa da sifili, kamar bashi a asusu. A harshen C, -7 / 2 amsarsa -3 ce, domin ƙa'idar C99 ta ce a karkata wajen sifili. Amma -7 >> 1 a GCC -4 ce. Haka -7 % 8 na ba da -7, alhali -7 & 7 na ba da 1. Kwamfaila ta san wannan tarko, shi ya sa take ƙara 'yan umarni na gyara. Ɗalibin da ya cire su da hannunsa ya sauya lissafin kuɗin mutane bai sani ba.

Masu nasihar suna da gaskiya a wuri ɗaya: idan ba a san lambar rabawar ba sai manhaja na tafiya, dole a yi rabawa ta gaske, sai dai a nemi taimakon irin su libdivide.

Ɗan'uwa, idan ka tabbata lambarka ba za ta sauka ƙasa da sifili ba, ayyana ta a matsayin unsigned, ka kunna -O2 a kwamfaila, ka rubuta / da % abinka. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, buɗe shafin Compiler Explorer na Matt Godbolt ko a waya ne, ka zuba layin rabawa da na dabarar hannu gefe da gefe, ka duba umarnin da ya fito da idonka.