Dokar wasa mai harshen damo: yadda ake warware ta

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan dara a Katsina, ko wajen Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, ya san cewa yawancin hayaniyar da ake yi a kan doka ake yin ta. Tushen wasan kowa ya yarda da shi: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa, jeren huɗu kuwa ba ya ci. Amma ana iya cire ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera? A wasu wurare an hana, a wasu an yarda. Haka Whot, kartar da William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935 ta zo ta zama 'yar gida a Najeriya. Idan aka jefa maka 2, za ka iya tarewa da wani 2 ka tura wa na gaba ya kwashi huɗu? Ana iya gama wasa da 14, katin da ke tura kowa kasuwa? Kowace unguwa da amsarta.

Waɗannan dokoki a baki suke, shi ya sa wasu ke ganin da an rubuta su da rigima ta ƙare. Akwai wasan da ya nuna cewa rubutu kaɗai ba ya kashe gardama.

Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma tun 1997 yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Tatsuniya ce da ake ginawa tare. Mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya ya zama jagora mai ba da labari da yanke hukunci, a riƙa jefa ɗan lido mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumi ya yunƙura ya yiwu. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito a 1934, ya san irin duniyar: tafiya mai nisa, aljanu, takobi. Sihirin da ke ciki na labari ne, lissafi ne a kan takarda, babu wanda ke yin wani tsubbu a wurin.

A wannan lissafin ne dokar ta fi rikitarwa. Jarumi yana hawa mataki daga 1 zuwa 20, siddabarun da yake iya yi kuma suna da daraja daga 1 zuwa 9. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, an ba shi wasu gurabe da yake kashewa duk lokacin da ya yi siddabaru, sai ya huta su dawo. Muddin sana'a ɗaya ya riƙe, jadawali ɗaya zai duba ya gama. Da ya haɗa biyu sai magana ta tashi.

A ce jarumi yana da mataki 3 a matsayin masihirci mai littafi, da mataki 3 a matsayin mawaƙi. Doka ta ce a tara su wajen ƙirga gurabe, ya zama kamar mai mataki 6: gurbi huɗu na daraja ta farko, uku na ta biyu, uku na ta uku. Mai jarumin ya ga guraben daraja ta uku sai ya ce ai ya isa ya koyi siddabarun daraja ta uku. Bai isa ba. Wata jimla a wurin ta ce abin da jarumi ya sani ana ƙirga shi ne a kowace sana'a ita kaɗai, kuma ko masihirci ko mawaƙi sai ya kai mataki 5 yake samun daraja ta uku. Yana da gurbin, ba shi da abin sa wa a ciki, sai dai ya zuba ƙaramin siddabaru a babban gurbi don ya ƙara ƙarfi. Mai gardamar ya karanta jadawali ne ya tsallake jimlar da ke kusa da shi, kuma a ganina daga nan ne mafi yawan irin wannan saɓani ke fitowa. Matakin farko na warware saɓani ke nan: a karanta sashen gaba ɗaya da babbar murya kafin kowa ya kawo ra'ayinsa.

Na biyu, a tambaya wane littafi ake bi. Jarumi mai sana'ar barde, wanda rabin matakinsa ake ƙirgawa wajen gurabe, idan yana mataki 3 rabinsa ɗaya da rabi ne. Littafin 2014 ya ce a zubar da rabin ya zama 1, wanda aka sabunta a 2024 ya ce a cike ya zama 2. Mutum biyu za su iya kwana suna musu alhali kowa da gaskiyarsa a littafinsa.

Idan dokoki biyu suka ci karo a littafi ɗaya, wasan yana da ƙa'ida: keɓantacciyar doka tana rinjayar ta gama-gari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗaliban zaure a Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, domin sun san yadda ake keɓance magana mai faɗi da wadda ta fi ta takamaimai. Bayan wannan sai a nemi manufa. Me ya sa aka hana mai sana'a biyu manyan siddabaru? Don wanda ya haƙura ya bi hanya ɗaya kada ya tashi a tutar babu. Duk fassarar da za ta ba mutum ɗaya riba biyu ba tare da ya biya komai ba, da wuya ta zama abin da marubutan suka nufa. Jeremy Crawford, wanda ya daɗe yana amsa tambayoyin dokar wasan a madadin kamfanin kafin ya bar shi a 2025, ya kasance yana rabawa tsakanin abin da aka rubuta, da abin da aka nufa, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi.

Wani lokaci duk a bi waɗannan matakai kalmar ta ƙi fita. A nan littafin da kansa ya ba jagora magana ta ƙarshe, kuma ina ganin 'yan dara da 'yan Whot su ma suna buƙatar irin wannan mutum a majalisarsu, dattijo ko wanda ba ya cikin zagayen. Ya yanke nan take don wasa ya ci gaba, a ajiye dogon musu sai an tashi. Sharaɗin shi ne hukuncin ya hau kowa, har da shi mai yankewa. Wanda ya dage yau cewa ana tare 2 da 2 saboda katin yana hannunsa, gobe idan aka tare masa ya kwashi huɗu ba shi da bakin magana, dara ce ta ci gida. Abin da aka riga aka san ana saɓani a kai, kamar tare 2 da 2 ko gamawa da 14 ko cire ɗa daga jeren uku, a faɗe shi a fili kafin a raba karta ko a dasa ɗan farko.