Micra A Ibadan: Kuɗin Gyara Na Cinye Ribar Direbobi

Ƙaramar motar nan Nissan Micra ƙirar K11, wadda aka fara ƙerawa a 1992, ita ce ta mamaye aikin tasi a birnin Ibadan, kuma galibinsu kwatano ne daga Turai.

Injinta mai lita 1.0 ko 1.3 ba ya shan mai sosai, kuma yana da juriya. Inda take ba makanikai aiki shi ne na'urar auna iskar da ke shiga inji: idan ta lalace sai motar ta riƙa shaƙewa tana mutuwa a tsaye. Akwai kuma tsatsa, gadon gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, wadda ke cin ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireto. Shokozoba kuwa, ramuka da lodi fiye da kima ke kashe ta.

Da yake an daɗe da daina ƙera wannan samfuri, tsofaffin kayan gyara ake dogaro da su a kasuwannin Agodi Gate da Ladipo ta Ikko, farashinsu kuma Dala yake bi. Dalar da ke kusan Naira 460 a hukumance cikin Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Direban haya kuwa, duk yinin da mota ta yi a gareji asarar cinikin ranar ne bayan kuɗin makaniki.