Bayan an cire nono: tabo da zancen nonon roba

Ƴan uwa, a taron asusu muna yawan tunatar da juna a riƙa lalube nono ko akwai ƙullutu, amma abin da ke biyo bayan aiki ba mu cika taɓa shi ba. Macen da aka tura daga likitar Gure zuwa Damagaram ko Yamai, aka cire mata nono saboda ciwon daji, tana dawowa da tabo da tambayoyi. Ga shi kuma salula ta kawo mana hotunan nonon roba na silikon da ake sa wa mata a waje, har wasu sun fara tambayar kuɗinsa.

Akwai abin da hotunan ba su nunawa. Duk abin da aka sa cikin jiki, baƙo jiki ke ɗaukarsa, sai ya naɗe shi da wata ƴar fata ta tabo. Ga wata fatar tana zama da laushi. Ga wata kuwa sai ta yi kauri, ta matse robar, nonon ya yi tauri, ya karkace, ya yi ta ciwo har sai an sake aiki. Jinin da ya kwanta ko ƙwayar cuta da ta shiga suna ƙara haɗarin, haka ma gashin na'ura da ake yi wa masu ciwon daji. Kuma robar ba ta har abada ba ce, tana iya fashewa. A 2010 Faransa ta janye ta kamfanin PIP saboda silikon ɗin ba na likita ba ne, a 2019 kuma ta hana masu kaushin baya sosai, don an danganta su da wani ciwon daji na garkuwar jiki, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba.

Mu dai a ganinmu, wanda ya fi damunmu a nan shi ne tabon aikin kansa. Baƙar fata ta fi yin tabo mai tudu, irin wanda muke gani a kunnen da aka huda. Kada a sa toka ko kanwa, kada wanzami ya tsaga, ƙara girma yake. A motsa hannun kamar yadda likita ya nuna. In hannu ya kumbura ko wurin ya yi ruwa, a koma likita. Asusun taimakonmu na iya ɗaukar kuɗin mota.

Wadda kunyar fita ke damunta kuwa, in miki ya warke, teloli na cikinmu za su iya ɗinka mata ƴar matashiya ta auduga ta sa cikin rigar nono.